Tambaya: Sun iya rubuta manhaja, amma gano kuskure ya gagare su

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin manhaja. Ina neman shawararku kan ƙannenmu na nan Jidda da suka fara koyon harshen rubuta manhaja na Python.

Ƙarfinsu a fili yake: Larabci a bakinsu, hadda ba ta musu wuya, nan da nan suke haɗa ƙaramin shafin intanet da Django, kayan aikin Python na gina shafuka. Rauninsu sai abu ya lalace yake fitowa. A ba su fayil ɗin CSV (jerin bayanai) mai sunayen Larabci da aka adana da tsarin haruffa na Windows-1256, su buɗe shi da wani tsarin daban, UTF-8, sai saƙon kuskure na UnicodeDecodeError ya bayyana. Layin ƙarshe na saƙon ya faɗi inda ciwon yake, amma ba sa karantawa, don Turancin ya yi musu nauyi. Sai su kwafe komai zuwa ChatGPT, su liƙa amsar ba su fahimce ta ba. Wannan ne ya fi damuna. Haka Git, manhajar adana sauye-sauyen aiki: da rikici ya taso wajen merge (haɗa gyare-gyare biyu wuri ɗaya), sai a goge folda a sake clone, wato a sake kwafo aikin daga farko.

Don Allah da wanne za a fara, Turancin karanta saƙon kuskure ko bin manhaja layi-layi da pdb, kayan aikin Python na gano kuskure? Awa nawa ya dace a ware a mako?