Haydn bara ne ko bara yake yi?

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake, kuma a nan zan sauke. Daren jiya ina aiki a kantin magani, babu ciniki, sai na kunna kiɗan Haydn, mai tsara kiɗan nan ɗan Austriya: simfoni (dogon kiɗan taron makaɗa) na 101, wanda ake wa laƙabi da Agogo saboda wancan tik-tak da ke tafiya a ƙarƙashin kashi na biyu. Abokin aikina ya leƙo ya ce wai wa nake jira ya ɗauki waya. Wato a kunnensa kiɗan da ake saka wa mutum ne idan an ajiye shi a layi. Shi ban ga laifinsa ba, bai sani ba. Ku nake jin haushi. Wata nawa muna zauren nan, yau Mozart, gobe Beethoven, jibi a sake komawa kan Mozart. Haydn fa? Mutumin da ya bar simfoni 104 masu lamba, Mozart ya tsaya a 41, Beethoven 9 kacal. Shekara kusan 30 yana bara a gidan sarautar Esterházy, can ƙauye, babu wanda zai kwaikwaya, amma ya zaunar da simfoni a kan kashi huɗun nan da kowa ya bi daga baya. Na faɗa, kuma ba zan janye ba: a wajen simfoni Haydn ya fi su duka biyun. Wanda bai yarda ba ya zo da hujja.

Auta: Yaya, yawa ai ba hujja ba ne. Kaza tana ƙyanƙyashe sha biyu a zama ɗaya, ba ta zama zakanya ba.

Malam Na-Zazzau: Ku dakata tukuna. Ɗan Gwammaja, me ka rubuta? "Yana bara"? Haydn ɗin ne yake bara? Mutumin da jami'ar Oxford ta ba digirin girmamawa a 1791 shi ka ɗora wa ƙoƙo? Ka zo kare mutum ka fi kowa zaginsa.

Ɗan Gwammaja: Haba Malam. Bara nake nufi, wanda jam'insa barori. Baran gida. Ba bara ta almajirai ba.

Malam Na-Zazzau: To da sai ka ce "yana barantaka". Duk Bahaushen da ya ga "yana bara" roƙo zai fahimta. Ku Kanawa kun saba ku yanke magana rabi ku bar wa mai sauraro aikin ƙarasawa.

Hajiya Uwar Biyu: Ni da na karanta da sauri ma na ɗauka bara ta shekarar da ta wuce yake nufi, na ce ikon Allah, mutumin da ya rasu tun 1809.

Injiniya: Ko barantakar ma ban yarda da ita ba. Shugaban makaɗan gidan ne fa, da mutane a ƙarƙashinsa, da albashi. Bara shi ne mai share zaure da wanke doki.

Baba Tsohon Rediyo: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. A wannan gaɓar yaron nan bai yi kuskure ba. Yarjejeniyar da Haydn ya sa wa hannu a 1761 ta ɗauke shi ne a matsayin ma'aikacin gida. Akwai kayan da aka ƙayyade masa ya sa. Kullum sai ya bayyana a jira ko mai gida yana son kiɗa ranar. Abin da ya rubuta kuma na mai gida ne, ba shi da ikon ba wani. Sai a 1779 aka sabunta takardar ya samu damar sayar da kiɗansa a waje, shi ya sa daga baya har mutanen Faris suka yi odar simfoni shida, daga na 82 zuwa na 87. Mai gidan, Yarima Nikolaus, yana da wani irin goge da yake so, baryton, Haydn ya rubuta masa kiɗa sama da ɗari don wannan abin kaɗai, ko yana so ko ba ya so. In wannan ba barantaka ba ce, ku gaya mini sunanta.

Injiniya: Ranka ya daɗe Baba, sunanta aikin gwamnati. Ni ma akwai kayan da aka ƙayyade mini, kuma zanen da na yi a ofis ba nawa ba ne. Bara ne ni?

Auta: Kawu, kar ka sa mu amsa.

Ɗan Maraɗi: Mi ya kai ku ga wahala haka? Kalmar na nan gare mu tun tuni: makaɗin fada. Narambaɗa yana da ubangida, Sarkin Gobir na Isa, wa ya taɓa ce mai bara? Sarki ya ba ka gida, ya ba ka riga, ka yi mai kiɗi. Haka Haydn, sai dai shi a kan takarda yake zuba nashi.

Malam Na-Zazzau: Wannan ta fi kusa, amma akwai gyara. Makaɗin fada yabon sarki yake yi, yana zambo ga 'yan adawa. Simfoni babu baki a ciki, wa aka yaba, wa aka yi wa habaici?

Ɗan Gwammaja: Yauwa! Nan nake jiran ka, Malam. Na 45 fa, na bankwana? A 1772 yarima ya daɗe a gidansa na Eszterháza ya ƙi komawa, makaɗa sun bar matansu a Eisenstadt, sun ƙosa, babu mai iya buɗe baki. Haydn ya rubuta kashi na ƙarshe yadda kowane makaɗi in ya gama nasa zai hure kyandir ɗinsa ya tashi ya fita, ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masu goge biyu kawai a cikin duhu. Yarima ya gane karatun, aka ba da umarnin komawa gida. Wane habaici ne ya fi wannan? Kuma abin da nake so ku saurara ke nan tun farko, yadda kiɗan yake raguwa har sai ka ji ɗakin ya yi sanyi.

Malam Na-Zazzau: Ka ga ka kashe kanka. Bara zai iya yi wa ubangidansa haka ya kwana lafiya? Ashe bafade ne mai faɗa a ji.

Ɗan Gwammaja: Bara mai wayo zai iya.

Hajiya Uwar Biyu: Ni dai ku bar mini Mozart a gefe. Shi ɗa ne, ya ƙi jinin wannan rayuwar. A 1781 ya rabu da babban limamin cocin Salzburg da yake wa aiki, saboda ana zaunar da shi cin abinci tare da masu dafa abinci da masu hidimar ɗaki. Har shuri aka yi masa wajen fita, ya zauna a Biyana ya ci gashin kansa. Simfoninsa na 40 ɗin nan, in na kunna shi da daddare bayan yara sun yi barci, wallahi daga farkonsa kamar mutum ne yake sauri yana neman wani abu da ya ɓace masa. Haydn bai taɓa sa ni jin haka ba. Kullum shi cikin fara'a kamar mai tallan goro.

Ɗan Gwammaja: Anti, da girmanki, tunda kin kawo shi da kanki: in ana maganar bara irin wadda Malam ya fahimta, ta ƙoƙo, Mozart ne ya yi ta. Wasiƙunsa ga ɗan kasuwar nan Puchberg suna nan, a ranta masa, a ƙara ranta masa. A 1788 ma, lokacin da yake rubuta 39 da 40 da 41 ɗin da kike kuka a kansu, yana aika su. Cin gashin kai ke nan?

Hajiya Uwar Biyu: Rance daban, bara daban. Kuma ka ji abin da ka faɗa da bakinka? Simfoni uku cikin sati bakwai ko ƙasa da haka, ga bashi a wuya, ga rasuwar 'yarsa jaririya a tsakiyar lokacin. Ka nuna mini uku a cikin 104 ɗinka da za su tsaya kusa da su. Ka cire kalmar bara daga kan Mozart kafin mu ɓata.

Injiniya: Tunda an zo maganar rance, Auta, sifikata da ka ara tun kafin azumi ka ce za ka ji na 9 na Beethoven da ita kwana biyu, tana ina?

Auta: Kawu, a gaban jama'a? Na ce maka wajen cajin ne ya lalace, tana wurin mai gyara.

Injiniya: Wata biyar tana wurin mai gyara. Beethoven kurma ne bai ji na 9 ɗinsa ba, ni da kunnena garau kai ka hana ni ji.

Ɗan Maraɗi: Ku kai wannan can gefe, don Allah.

Auta: Shi ya fara. Kuma ai ba ara na yi ba, cewa ya yi in riƙe.

Injiniya: In riƙe! Ga Puchberg na biyu nan, ni ne.

Mai Shayin Kwana: Ni mamaki kuke ba ni. Mutum bai iya bambanta kalangu da kotso ba, yana nan yana kumfar baki a kan wani Bature da ko sunansa bai iya faɗa ba. Haidin ne ko Hayidan? Ba wani ne ma ya sa wa Mozart ɗin guba ba?

Baba Tsohon Rediyo: Haidin ake faɗa. Maganar guba kuwa jita-jita ce da aka liƙa wa Salieri, babu shaida a kanta, rashin lafiya ce ta ɗauke Mozart a Disamba 1791 yana da shekara 35. Kuma ɗana, wanda ya san daɗin kotso shi ya fi saurin gane Haydn, don duk wasa da tsammanin mai sauraro ne. Ka nemi na 94, kashi na biyu. Zai lallaɓa ka a hankali, ƙasa-ƙasa, sai ka ji duka makaɗa sun buga gum lokaci ɗaya. Mutanen Landan sun ji shi a 1792.

Mai Shayin Kwana: Baba, data ta yi tsada.

Malam Na-Zazzau: Mu koma kan kalma. Har yanzu Ɗan Gwammaja bai janye ba. Mozart da kansa ya sadaukar wa Haydn kiɗa shida na masu goge huɗu a 1785. Makaɗa suna kiran Haydn Baba. Wa ke kiran bara Baba?

Hajiya Uwar Biyu: A gidanmu akwai wanda ya yi wa kakanmu hidima shekara arba'in, duk Baba muke ce masa. Wannan ba hujja ba ce, Malam. Amma kar a manta a wannan shekarar Haydn ya gaya wa mahaifin Mozart cewa ɗansa shi ne mafi girman mai tsara kiɗa da ya sani. Mai abu ya sallama, ɗan kore yana ta jayayya.

Ɗan Gwammaja: Kawaici ne na dattijo, Anti. Kuma ni ba ɗan kore ba ne.

Malam Na-Zazzau: Ka janye "yana bara" kawai a wuce wurin.

Ɗan Gwammaja: Ba zan janye ba. Harafi ɗaya ban canza.

Baba Tsohon Rediyo: Kafin Shugaban Zaure ya shigo da Beethoven, ku sani shi ma ba a iska ya rayu ba. A 1809 manyan Biyana uku, Rudolph da Kinsky da Lobkowitz, suka yanka masa kuɗin shekara don kada ya bar garin. Kuma a wajen Haydn ya fara ɗaukar darasi da ya iso Biyana a 1792. Na faɗa ne tun kafin a rufe.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Ɗan'uwa Ɗan Gwammaja ya zo da da'awar cewa Haydn ya fi kowa saboda yawan simfoni, Auta ya rushe ta tun a amsar farko. An tabbatar Haydn bara ne, ko bafade, ko ma'aikaci, duk dai a ƙarƙashin wani yake. An tabbatar Mozart ya gudu daga barantaka ya faɗa bashi. Wanda babu wanda ya iya taɓawa a duk muhawarar nan shi ne Beethoven, mutumin da ya kankare sunan Napoleon daga kan simfoninsa na 3 a 1804 da ya ji ya naɗa kansa sarki, ya gabatar da na 5 da na 6 a dare ɗaya a Disamba 1808, ya shigo da muryar mutane cikin na 9 a 1824 alhali kunnensa ya tafi, kuma yau Tarayyar Turai da wannan kiɗan take taƙama. Tara ɗinsa sun ishe mu. Maganar da Baba ya kawo ta kuɗin shekara gudummawar masoya ce, ba ta shiga wannan babin ba. Auta ya mayar da sifika kafin Juma'a. Sati mai zuwa na 7 za mu saurara.

Ɗan Gwammaja: Ranka ya daɗe, ban ce saboda yawa kaɗai ba. Kuma taken ƙasar Jamus, ƙasar Beethoven ɗin, kiɗan Haydn ne. Cikinku akwai wanda ya kunna Agogon ma kuwa?

Shugaban Zaure: An rufe.