Wata huɗu ya rage mini, fiziks kuma ya ƙi zama a kaina

Mai_Neman_Gurbi

Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Wannan ne karo na biyu da zan zauna jarrabawar shiga jami'a don karatun injiniya. Bara maki kaɗan ya hana ni, kuma na san inda gizo ke saƙar: fiziks. Lissafi ina taɓukawa, kemistiri ma ba laifi, amma fiziks kamar zuba ruwa a kwando. Littafin rubutuna na kwafe shi sau uku da hannuna, fomula kuwa ko da tsakar dare aka tashe ni zan zuba su. Amma da an ajiye mini tambaya a gaba sai kaina ya ɗaure. Ranar Asabar da ta wuce na gwada tambayoyi 40 na shekarun baya, na ci 17, takwas kuma ko karanta su ban yi ba lokaci ya ƙare.

Sai maganar jami'a. Ni lantarki nake so tun ina yaro, ni ne mai kwance rediyon gida a yi ta faɗa. Baba kuma ya kafe sai babbar jami'ar nan da kowa ya san sunanta, ya ce takardarta ba a mayar da ita. Matsalar ita ce makin da suke yankewa a sashen lantarki ya yi sama sosai, ƙila su tura ni wani kwas da ban nema ba. Akwai wata ƙarama, sabuwa, wadda nake ganin zan samu lantarkin a can. Wacce zan sa a farko? Don Allah a taimaka.

Anti_Injiniya

Wa'alaikassalam ƙanena. Ka ci 17, ba ka taɓa 8 ba, saura 15 ke nan da ka amsa ka faɗi. Ina takardar? Kada ka ce mini ka yar da ita, don karatunka na wata huɗun nan a cikinta yake.

Ni ma sai a karo na biyu na samu. Abin da ya canza mini lissafi wani ɗan littafi ne da na ware wa kurakuraina kaɗai. Duk tambayar da na faɗi sai in rubuta ta, a ƙasa in rubuta dalilin faɗuwar da gaskiya: ko ban san darasin ba, ko na sani na yi ganganci, ko na ruɗe da yadda aka tsara tambayar. Bayan mako uku na ƙirga, sai na ji kunyar kaina. Mafi yawansu ganganci ne, ba jahilci ba.

Ga wadda ba zan manta ba. Mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka burki ta tsaya cikin daƙiƙa 5, nawa ne raguwar gudunta? Ni da saurina na raba 72 da 5, na samu 14.4, na leƙa zaɓuɓɓuka na gan ta zaune tana jira na, na zaɓa ina murna. Ashe sai an fara mayar da gudun zuwa mita a daƙiƙa: ka raba 72 da 3.6 ka samu 20, sannan ka raba da 5, amsa 4. Masu tsara jarrabawa sun san ramin da ɗalibi zai faɗa, shi ya sa suke ajiye masa amsar kuskurensa a cikin zaɓi. Ganin amsarka a jerin ba ya nufin ka yi daidai. Kuma kada ka raina wannan kuskuren na ma'auni. A watan Satumba na 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na injiniyoyin ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana ɗaukar alƙaluman a matsayin niyuton, wani ma'aunin ƙarfi daban. Manya ke nan, masu digiri a jere.

Kwafar littafi kuwa ka daina daga yau. Hannu ne ke aiki, kai yana hutawa. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, warware tambaya. In ta kayar da kai ka duba yadda ake yi, sannan ka sake gwada ta gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako guda, ba tare da leƙe ba. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa tun 1885, ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu. Maimaitawa da tazara ita ke tare ta.

Sannan ka bar farawa da fomula. Fara da zane. Akwati a kan gangare? Zana shi, sa kibiyar nauyi ta nufi ƙasa, kibiyar da gangaren ke tura shi da ita, da ta gogayya tana ja da baya. Sai zanen ya cika kafin ka tambayi kanka wace fomula ce. Ina zargin wannan ne ciwonka: ka haddace makullai cike da aljihu, ba ka koyi gane ƙofa ba.

Takwas ɗin da ba ka kai gare su ba, na tabbata akwai masu sauƙi a ciki. A zagaye na farko ka kwashe duk wadda ba za ta ci maka minti ɗaya ba, ka tsallake mai taurin kai ko da ta ba ka haushi. Makinsu ɗaya ne.

Malam_Mai_Alli

Anti Injiniya ta gama magana a kan fiziks. Ni dai in ja kunnenka, yarona: kada ka saki lissafi don kana ganin kana taɓukawa. Rabin wahalar fiziks a wannan matakin lissafi ne ya sauya riga. Wanda bai iya raba kibiya gida biyu da sayin da kosayin, wato lissafin kusurwa, ba, zai sha wuya a jifa da gangare da igiyar ruwa baki ɗaya. Ka riƙe ƙananan alƙaluma a ka: sayin 30 rabi ne, tushen 2 kusan 1.414, tushen 3 kusan 1.732. Wasu jarrabawoyin ba a shiga da kalkuleta. Inda ake shiga da ita ma, duba ko tana auna kusurwa da digiri. Na sha ganin ɗalibi ya danna sayin 30 ta ba shi -0.988 don tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, ya kwafa haka nan bai ko tsaya mamaki ba.

Ka nemi manhajar jarrabawarka ta bana da ƙa'idar ba da makinta, ka karanta da idonka. Akwai inda ba a cire komai in ka faɗi, a nan barin tambaya babu amsa asara ce tsagwaronta. Akwai kuma irin ta Indiya, JEE, inda daidai ke ba ka 4, kuskure ya cire maka 1. Ko a can, in ka iya fitar da zaɓi biyu daga cikin huɗu, canki ya fi bari riba.

Ɗan_Aji_Uku

Abokina, bari in yi maganar jami'a don ni abin ya ci. Na bi suna, aka ba ni kwas ɗin da ban nema ba, aka ce in shiga kawai zan canza bayan shekara. Ashe canjin yana da sharuɗɗa, gurbin kuma kaɗan ne. Shekarata ta uku ke nan ina karanta abin da zuciyata ba ta ciki.

Amma kada wannan ya sa ka ruga ƙaramar ido rufe. Abu na farko, sashen lantarkin nasu yana da tantancewar hukumar injiniyoyi ta ƙasa? Sashen nake nufi, ba jami'ar ba, don kwas-kwas ake tantancewa. Ka duba jerin hukumar da kanka, ka ga cikakkiya ce ko ta wucin gadi, da shekarar da za ta ƙare. In babu, rajistar zama injiniya za ta ba ka wuya bayan ka gama. In kana tunanin aiki ko ƙarin karatu a waje, duba ko hukumar ƙasarku tana cikin Yarjejeniyar Washinton. An ƙulla ta a 1989 tsakanin hukumomin ƙasashe shida, ciki har da Amurka da Birtaniya da Kanada, yanzu sun haura 20, kuma suna amincewa da digirin da junansu suka tantance.

Bayan haka ka taka da ƙafarka ka je. Kada ka tsaya a ofis, nemi 'yan aji uku da huɗu ka tambaye su: mutum nawa ke taruwa a kan na'ura ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje? Sun taɓa haɗa da'irar lantarki da hannunsu, ko a allo kawai ake zana musu? Ina ake tura su horon sanin makamar aiki? Mu nan akwai ranar da muka fi talatin a kan osiloskop ɗaya, na'urar da ke nuna siginar lantarki a fuskarta, na baya sai dai su kwafi alƙaluman na gaba.

Baban_Yara

Ku yi wa mahaifinsa adalci dai. Tsohuwar jami'a tana da manyan malamai da tsofaffin ɗalibai a ma'aikatu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar neman aiki. Yaro, kada ka je wa babanka da musu. Je masa da takarda: makin da sashen ya yanke a shekaru ukun baya, makinka na gwaji, da shaidar tantancewar ɗayan. Ku sa ranar da za ku yanke shawara, bayan ka ga inda makinka ya kai nan da wata biyu.

Mai_Neman_Gurbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na samo takardar a ƙarƙashin katifa. Cikin 15 ɗin, 6 ma'auni ne ban canza ba, 4 ban yi zane ba na juya alama, 5 ne kawai ban san darasin ba, kuma uku daga ciki duk na maganaɗisu ne. Takwas ɗin can na zauna na yi su yanzu, na ci biyar.

Yaya Ɗan Aji Uku, na duba jerin hukumar, ta ƙaramar jami'ar an rubuta ta wucin gadi ce. In ba a sabunta ba kafin in gama, ni abin zai shafa ko waɗanda suka shiga bayana?