Me za mu kira "defaulter" a takardar masu bi gida-gida?

Za'ira (ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar gidaje), Gadarif, Sudan: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar Hausa wa matan da ke bi gida-gida domin rigakafi, kalma ɗaya ta tsaya mana. Turanci na cewa "defaulter", takardun Larabci wasu "mutasarribin", wasu "mutasaƙiɗin". Shi ne yaron da aka fara wa allura amma bai dawo ba: ya karɓi humasi (allurar rigakafin cututtuka biyar) ta farko a mako 6, ta mako 10 ko ta 14 ba a gan shi ba, ko allurar ƙyanda ta wata 9 ta wuce shi. Daban yake da wanda ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba, shi wannan "wanda bai fara ba" ya ishe shi.

Malamin allura, Damazin: Wa alaikumus salam, Yaya. "Mai saɓa alkawari" fa?

Ungozoma, Mai Wurno: Haba Malam. Ka tsaya a zauren mutum ka ce matarsa ta saɓa alkawari, gobe ba ka shiga. Galibi ma ba ƙi ba ne. Damina ta sauka, laka ta rufe hanya. Kaka ta yi, gida ya tashi zuwa yankan riɗi. Tun yaƙin Afrilu 2023 kuma ga masu gudun hijira da katinsu ya ɓace. Wani lokaci laifin na markaz ne, wato cibiyar lafiya: uwa ta zo, an ce ba a buɗe kwalbar ƙyanda saboda yaro ɗaya, don in an haɗa ta da ruwanta bayan awa 6 zubarwa ake yi. Ta koma, ba ta sake zuwa. Ni "mai ramuwa" na zaɓa. Kowa ya san ramuwar azumi kwanakin da aka sha kawai ake biya, ba a sake watan. Haka allurar take: wanda ya tsaya a humasi ta ɗaya, ko ya yi wata biyar bai dawo ba, ta biyu za a yi masa, sannan ta uku bayan aƙalla mako 4.

Nas, Kasala: Inna, ma'anar ta zauna daram, sai dai kunne. A ɗakin da ake allura ake auna dantsen yara, ana ta cewa "ya rame", "mai rama". Uwa ta ji "mai ramuwa" sai ta zo karɓar abincin tamowa. Mu ce ranko. "Mai rankon allura."

Za'ira, Gadarif: Ranko ya yi. To neman nasu ya zama "bibiyar ranko". Ga yadda zai shiga takardar. Akwati mai gurbi 12, kowane wata da nasa. An yi wa yaro allura, a mayar da kwafin katinsa gurbin watan da zai dawo. Wata ya ƙare, duk katin da ya rage na mai ranko ne. A ba mai bibiyar unguwar. Inda aikin ke lalacewa shi ne adireshi. "Unguwar Hausawa" ba adireshi ba ne. A rubuta sunan maigida, masallacin da ke kusa, da lambar waya biyu. Kuma a duba katin hannun uwa kafin a yi magana, don wasu a wani markaz suka ƙarasa.

Malamin allura, Damazin: Na bi. A ƙara lissafin wata: yawan yaran da suka karɓi humasi ta ɗaya a cire na ta uku, a raba da na ta ɗaya, a ninka da 100. Misali 200 suka fara, 170 suka gama, kashi 15 ke nan, kuma abin da ya haura 10 alamar matsala ne. Allurar zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Gadarif da nan jiharmu ta Blue Nile a Nuwamba 2024 sau huɗu ce, ita ma a ba ta layi a katin.

Ungozoma, Mai Wurno: A wuraren da aka fi jin "ramuwa", a faɗe ta cikakkiya, "ramuwar allura". A rubuce dai ranko.