"Accessibility" da Hausa: damar shiga ko tanadin shiga?

Jama'a, ku taya ni da kalma ɗaya. Ina fassara ƙa'idojin hawa lilo na wuraren wasa na Amurka, sai na ci karo da "accessibility", wato yadda mai nakasa zai iya shiga wuri ya yi amfani da shi, na tsaya cak.

Yawancinmu "damar shiga" muke cewa. Ni ma na daɗe ina rubuta ta, amma yanzu ta fita raina, ga kuma dalili.

A watan Yulin 2011, a wurin wasa na Darien Lake da ke jihar New York, wani tsohon soja da ya rasa ƙafafunsa biyu a yaƙin Iraƙi ya hau jirgin lilon nan mai gudu kan dogo, Ride of Steel. Ƙa'idar jirgin ta ce sai mai ƙafa biyu, domin sandar ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera cinya take dannewa. Ma'aikata suka bar shi ya hau. Jirgin na cikin gudu ya wurgo shi, ya rasu. Dama kam an ba shi. Abin da ba a yi ba shi ne ƙera kujerar da za ta riƙe mai irin jikinsa.

Dama a Hausa izini ce, mai ƙofa ya ce maka shigo. To wanda ke kan keken guragu, a ce masa shigo alhali matakala goma ke gabansa, me aka ba shi?

Wani malami ya kawo "sauƙin isa". Ta fi, amma sauƙi na iya zuwa da sa'a, ba wanda aka ɗora wa nauyinsa. Ita kuwa kalmar Turancin, a dokar nakasassu ta Amurka ta 1990, wajibi ce a kan mai wuri. Ƙa'idojinta na 2010 sun ce sabon lilo sai an yi masa ko gurbin keken guragu, ko kujerar da za a iya sauka daga keke a zauna, ko na'urar da za ta taimaka wajen komawa kujerar.

Shi ya sa na tsaya kan "tanadin shiga". Tanadi abu ne da ake yi tun kafin baƙo ya iso, kuma kowa ya san mai gida ne ke yinsa. Sai mu ce wannan lilon yana da tanadin shiga, wancan ba shi da shi. Ta dace da tamu dokar ta Najeriya ma, ta hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara.

Wata 'yar'uwa mai larurar gani ta ja hankalina cewa "shiga" ta fi karkata ga ƙofa, alhali ita matsalarta allon gargaɗin da ba ta iya karantawa ne: tsawon da ake buƙata, hanin masu ciwon zuciya da masu juna biyu. Gaskiyarta. A irin wannan wuri sai in ce "tanadin amfani".

Saura "roller coaster". Na sa "jirgin lilo", wasu sun ce "jirgin shillo". A garinku wanne yara ke faɗa ranar sallah?