Na gama digirin zanen gine-gine, ta ina zan fara neman wurin koyon aiki?

Sabon_akitek:
Salam 'yan uwa. Na kammala digiri, ina ta tura imel ofisoshin akitek (masu zanen gine-gine) amma shiru kake ji, ko amsa babu. A manhajojin zane na kwamfuta na iya AutoCAD da SketchUp, Revit kuma sama-sama. Me ya kamata in gyara don Allah?

Tsohon_hannu:
Ƙanena fara duba fotfoliyonka, wato tarin zanukanka da kake nuna wa masu ɗaukar aiki. Yawancin sabbin ɗalibai hotuna masu ƙyalli suke cikawa, alhali mai ofis so yake ya ga ka iya zanen da magini zai riƙe ya yi aiki da shi, filan (tsarin gini in an kalle shi daga sama), sekshan (yadda cikinsa yake in an yanka shi a tsaye), yadda rufi ya haɗu da bango, da awo daidai. Zaɓi ayyukanka mafi kyau kaɗan, ka haɗa PDF mara nauyi. Kuma ka daina tura wasiƙa ɗaya ga kowa, ambaci wani gininsu da ka duba.

Maizane:
Ni dai ƙananan ofisoshi nake ba ka shawara, a can za a kai ka wurin gini ka ga ana zuba kankare ka ji yadda ake magana da ɗan kwangila, babban kamfani kuwa sai ka daɗe kana zana ƙofofi kawai. Revit ɗin nan ka dage masa sosai.

Tsohon_hannu:
Na manta, ka tabbata mai kula da kai akitek ne mai rajista, don lokacin neman lasisi za a tambayi ƙarƙashin wa ka yi aiki. Riƙa rubuta duk abin da ka yi tun ranar farko.

Sabon_akitek:
Na gode yayana, yau zan zauna kan fotfoliyon.