Dan Allah a taimaka: ina son saka SSD a Raspberry Pi 5, memori ya ƙara cinye min aiki

Abban_Hanifa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min da shawara. Ina da ɗan wajen koyar da yara kwamfuta a nan Ɗorayi, da yamma bayan an tashi islamiyya suke zuwa, to akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi 5 mai ram 8GB, da wani ƙanina ya kawo min, na saka mata Kiwix, manhajar karanta abubuwa ba tare da intanet ba, na zuba Wikipedia ta Hausa da wasu littattafai da bidiyoyin darasi, yaran suna shiga ta wayfai ɗin wajen ba sai an sayi data ba, wlh abin yana amfani sosai don har iyayen wasu suna zuwa su duba abu.

Matsalar ita ce memori. Sau biyu ke nan a cikin wata huɗu, ana ɗauke wuta kafin a tada janareta, in an dawo sai ta ƙi tashi, sai na cire katin na sake zuba komai daga farko. Jiya ma haka na kwana a kai. Ga shi in yara goma suka shiga lokaci ɗaya sai ta dinga jan jiki. An ce min ana iya saka mata SSD, ma'ajiyar fayiloli irin ta laftop, a maimakon katin memorin, amma da na je kasuwar Beirut ta nan Kano wani ya miƙo min wani dogo siriri, wani kuma ya ce sai dai na USB, na rasa na wa zan ɗauka shi ya sa ban saya ba na dawo. Wanne ya dace? Kuma shin zai magance wannan lalacewar?

Injiniya_Fagge

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan aikin da kake wa yara. Gara da ba ka saya ba tukunna, don nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi.

Tun da Pi 5 ce da kai ka huta. Duba gefen allon, ɓangaren da katin memori yake, za ka ga wata 'yar ƙaramar kafa an rubuta PCIe a kusa da ita. Wannan ita ce babu a Pi 4, sai a Pi 5 da ta fito a Oktoban 2023 aka fito da ita waje. Ta nan ake haɗa SSD nau'in NVMe, amma ba kai tsaye ba, sai ka samu wani ɗan allo da ake ɗorawa, na kamfanin da kansu sunansa M.2 HAT+, ya fito a 2024 a kan dala 12, kafin ya iso Kano dai ka san kuɗin kawowa zai hau kai.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Dogon nan siriri da aka miƙo maka ina kyautata zaton 2280 ne, ma'ana faɗinsa milimita 22 tsawonsa 80, shi ne ya fi yawa a laftop shi ya sa ya cika kasuwa. To M.2 HAT+ ɗin nan ba ya ɗaukarsa, 2230 da 2242 kawai yake ɗauka, gajerun. In dogon kake so sai ka nemi allon wani kamfani, misali NVMe Base na Pimoroni wanda ake ɗaurawa ta ƙasan Pi ɗin, shi yana ɗaukar har 2280. Don haka fara sanin allon da za ka iya samu kafin ka sayi SSD, kar ka yi akasin haka.

Sannan ba duk mai siffar M.2 ba ne NVMe, akwai M.2 SATA, kamarsu ɗaya in ba ka lura ba. Kalli bakin da ake sokawa, in ka ga tsaga biyu yawanci SATA ne, wannan ko ka saka Pi ba za ta gan shi ba sam. Mai tsaga ɗaya kake nema, kuma ka karanta jikin takardar ka ga an rubuta NVMe. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne don a laftop da yawa ba ya fuskantar matsalar, amma a nan ba ɗaya ba ne.

Maganar gudu kuwa, memori mai kyau a Pi 5 da ƙyar yake kai megabayit 90 zuwa 100 a daƙiƙa, NVMe kuma yana ba da wajen 450 a yadda ta zo. In ka buɗe /boot/firmware/config.txt ka ƙara layin dtparam=pciex1_gen=3 za ka ga ya haura 800. Ni haka tawa take.

Abban_Hanifa

Na gode Injiniya, wlh ka buɗe min ido, wanda aka nuna min ɗin kamar tsaga biyu na gani. To wancan na USB ɗin fa da ɗayan ya ce? Shi na ga ana samunsa nan take ba sai na jira oda ba.

Injiniya_Fagge

Yana yi, ba ƙarya ya faɗa maka ba. SSD na SATA mai inci 2.5 da kebul ɗinsa, ka soka a kafar USB mai launin shuɗi, za ka samu wajen 300 da ɗoriya. Masu Pi 4 ma da shi suke amfani don ba su da wata hanya. Abin da ya sa ban fara da shi ba, kebul ɗin nan na kasuwa wani lafiya lau wani sai ya dinga yankewa yana dawowa, ya danganta da cif ɗin da yake ciki, kuma a wajen da yara suke kai kawo abin da yake lilo a waya wata rana wani zai fizge shi. Wanda aka ɗaure da sukuru ya fi kwanciyar hankali.

Malam_Sola

Salam. Duk abin da Injiniya ya faɗa haka ne, amma ni tambayarka ta biyu ce ta tsaya min a rai, kuma ita ce ba a amsa ba: shin zai magance lalacewar? Gaskiya ɗan uwa ba gaba ɗaya ba. Ni aikin sola da inbata nake yi, na ga irin wannan a shaguna ba sau ɗaya ba. Abin da yake kashe maka kati shi ne wuta ta yanke alhali na'urar tana tsakiyar rubutu. SSD ya fi memori juriya nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi daɗewa, amma shi ma in ana yanke masa wuta kullum wata rana za ka tarar fayil ya lalace. In ka kashe kuɗi a SSD ka bar wutar yadda take, ka rage ciwon ne kawai ba ka warkar ba.

Da wace caja kake kunna ta? Ka faɗa min gaskiya. Don Pi 5 bolt 5 amfiya 5 take so, cajarta ta asali kuma wat 27 ce. Cajar wayar nan da aka rubuta wat 33 ko 65 a jiki kar ta ruɗe ka, wannan ƙarfin a bolt 9 ko sama take bayarwa, in aka dawo bolt 5 yawancinsu amfiya 3 ne iyakarsu, wasu ma ba sa kaiwa. Kuma in Pi ɗin ta ga cajar ba ta kai ba sai ta taƙaita wutar kafofin USB zuwa miliamfiya 600, da caja mai kyau kuwa tana sakin har amfiya 1.6. Ka ga ke nan in SSD na USB ka saya ka haɗa da cajar waya, ka sayo wa kanka sabuwar matsala. Buɗe taminal, wajen da ake rubuta wa Pi ɗin umarni, ka rubuta vcgencmd get_throttled, in ta ba ka 0x0 lafiya, in wani abu daban ta nuna to ko wuta ta taɓa yin ƙasa ko zafi ya taɓa ta tun da aka kunna.

Shawarata, ka samu ɗan ƙaramin UPS ko ka ja mata layi daga inbata in akwai a kusa, ita da rawutar wayfai ɗin, abin da suke ci bai taka kara ya karya ba, ko ƙaramin batir zai riƙe su har a tada janareta. Kar ka dogara da fawa bank sai ka gwada, da yawansu in aka ɗauke wuta suna ɗan ƙiftawa kafin su koma batir, wannan ƙiftawar ta isa ta kashe Pi. Kuma ka koya wa yaran, in za a rufe waje a danna ɗan maɓallin da yake jikinta a jira ta mutu da kanta, ba a zare soket ba.

Abban_Hanifa

Malam ka kama ni, cajar wayata ce ta da nake amfani da ita. Yanzu na gwada abin da ka ce, ba 0x0 ta nuna ba, 0x50000 ne.

Malam_Sola

To ka gani. Wannan lambar tana nufin wuta ta taɓa yin ƙasa har ta rage gudunta. Fara da caja kafin komai.

Ummu_Sudais

Sannunku da ƙoƙari. Yaya Abban Hanifa bari in ƙara da abin da na koya a aikin furojet ɗina, don sai da na sha wuya kafin tawa ta tashi daga SSD.

Kafin ka cire memori, ka fara sabunta komai tana kan katin: sudo apt update, sai sudo apt full-upgrade, sannan sudo rpi-eeprom-update -a ka sake kunna ta. In butloda, wato manhajar da take fara tada Pi ɗin, tsohuwa ce za ka haɗa komai daidai ta ƙi gani ka yi zaton SSD ɗin ne matacce. Sai ka kashe ta ka zare caja gaba ɗaya kafin ka taɓa siririyar wayar nan mai kamar leda da take haɗa HAT ɗin da kafar PCIe, dan Allah a hankali, ɗan makullin da yake riƙe ta da farce ake ɗagawa kuma in ya karye shi ke nan. Ka tabbata ta shiga a miƙe ba a karkace ba, ni nawa kwana biyu ina neman matsala ashe gefe ɗaya ne bai zauna ba. In ka kunna ka rubuta lsblk ka ga nvme0n1 to an gama da mai wuya.

Kwafe kayanka kuma ba sai ka sake zubawa daga farko ba, akwai SD Card Copier a cikin Raspberry Pi OS, ka zaɓi katin a sama SSD a ƙasa. Daga nan sudo raspi-config, Advanced Options, Boot Order, ka zaɓi NVMe. Katin kuma kar ka goge shi, adana shi a durowa, ranar da wani abu ya faru ka mayar ka ci gaba da darasi.

Inda na ɗan saɓa da Injiniya, da girmamawa, shi ne maganar gen 3, wato layin ƙara gudun nan da ya ce a saka a config.txt. Su kansu masu Pi ɗin sun ce gen 2, wato yadda ta zo, suka tabbatar, gen 3 yana iya yi yana iya kawo tangarɗa. Kuma Yaya yaransa ta wayfai suke shiga, ko da kebul ɗin netwok ne ma gigabit ɗaya ce, wajen megabayit 110 zuwa 120 a daƙiƙa ke nan, to 450 ɗin ma ta ninka abin da zai iya fita. Abin da zai sa ya ji bambanci shi ne yadda SSD yake saurin ɗauko ƙananan fayiloli barkatai lokacin da yara goma kowa yana buɗe shafinsa, a nan ne memori yake durƙushewa, kuma wannan ko a gen 2 zai samu. Na'urar da za a bari tana aiki ba mai tsaronta gara a bar ta inda aka tabbatar.

Sai zafi. Ka san yadda Kano take a watan Afrilu da Mayu, sama da digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa ba a magana. Pi tana fara rage gudu in ta kai digiri 80, don haka ka haɗa da fankarta, Active Cooler, tana zama a ƙarƙashin HAT ɗin daidai. Lokacin hunturu kuma ka dinga bushe ƙurar da take taruwa a fankar.

Injiniya_Fagge

Na karɓa Hajiya, a aikinsa gen 2 ta wadatar, ni don ina yawan kwafe manyan fayiloli ne. Abu ɗaya na manta: in na hannu za ka saya, irin wanda aka ciro daga laftop, ba laifi ba ne, gajerun ma an fi samunsu ta haka don wasu Dell da Lenovo da su suke zuwa. Amma ka yi sharaɗi da mai shagon za ka gwada ka dawo in da matsala. Saka manhajar nvme-cli ka rubuta sudo nvme smart-log /dev/nvme0, duba percentage_used da power_on_hours, nan za ka ga ko an gama tatse shi. In sunan kamfanin baƙo ne kuma kuɗin ya yi araha fiye da kima, gwada shi da manhajar f3 ka tabbatar girman da aka rubuta na gaske ne. Girma kuma kar ka yi ƙasa da 256GB, in kana da niyyar saka Wikipedia ta Turanci mai hotuna ita kaɗai wajen gigabayit 100 ce, ga bidiyoyinka, ni da 512 zan ce.

Abban_Hanifa

Jama'a na dawo da bayani, ku yi haƙuri na yi shiru kusan sati uku, jiran HAT ɗin da caja ne ya riƙe ni sai da aka kawo daga Legas. SSD kuwa na samu 2242 mai 256GB na hannu, 512 ɗin ya fi ƙarfin aljihuna yanzu, na duba kamar yadda Injiniya ya ce ya nuna kashi 4 kawai aka ci. Da farko lsblk bai nuna komai ba gabana ya faɗi, sai na tuna maganar Ummu Sudais na sake zaunar da wayar, sai ga shi ya fito. Na bar ta a gen 2. Jiya yara goma sha uku suka shiga lokaci ɗaya ba wanda ya ce min Malam ta tsaya, kuma get_throttled yanzu 0x0 take nunawa.

Saura UPS, shi ne ban samu ba tukunna, a yanzu maƙwabcina mai kemis ya yarda na ja waya ɗaya daga inbatansa zuwa ƙarshen wata. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara ilimi. Malam Sola dan Allah in za ka shigo wajen Ɗorayi ka yi min magana ta inbos, ina so ka duba min girman batirin da zai riƙe Pi ɗin da rawuta na kamar awa uku.