Waye uban ƙa'idojin majalisa?

Ɗan Fagge: Wallahi abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu masu karanta kimiyyar siyasa sun haddace bidiyon John Bercow, tsohon kakakin majalisar wakilan Birtaniya, yana daka wa 'yan majalisar tsawa, amma ka tambaye su waye Erskine May, sai su yi tsuru-tsuru. Mutumin da ya shiga aikin ɗakin karatu na majalisa a 1831 yana ɗan shekara 16, ya wallafa littafinsa kan dokoki da al'adun majalisa a 1844, ya zama akawun majalisa daga 1871 har 1886. Ko a watan Maris na 2019, da Bercow ya hana gwamnatin Theresa May sake kawo yarjejeniyar ficewa daga Tarayyar Turai a karo na uku, littafin nan ya buɗe: ƙudurin da majalisa ta yi watsi da shi ba ya dawowa a zango ɗaya sai an sauya shi. Uban ƙa'idojin majalisa ke nan, amma ba a koyar da shi yadda ya kamata.

Malamin Tarihi: Uba? Haba Malam. Ita al'adar da Bercow ya kafa hujja da ita tun 1604 take, shi kuma Erskine May a 1815 aka haife shi. Yaya uba zai zo bayan ɗansa da shekara ɗari biyu?

Ɗan Fagge: Ni maganar koyarwa nake yi, Malam.

Malamin Tarihi: To janye "uba" tukuna. John Hatsell ya riga shi zama akawun majalisa, kuma ya tattara hukunce-hukuncenta tun ƙarshen ƙarni na 18. Shi May tarawa ya yi ya tsara.

Ummu Khalil: Tarawa da tsarawa ƙaramin aiki ne, Malam? In haka ne me ya sa har yau sunansa ake kiran littafin da shi? A 2019 bugu na 25 ya fito, aka sa shi a intanet kyauta. Wa ke neman Hatsell yanzu?

Bazazzagi: Hajiya, ni dai ban ga uba a mutumin da ko sau ɗaya bai tsaya zaɓe ba. Akawu ne, ma'aikaci.

Ummu Khalil: Ai shi ya sa kowane ɓangare ya yarda da shi. Ɗan jam'iyya zai rubuta ƙa'ida abokin hamayya ya bi?

Lauyan Gobe: Ku duk Ingila ta rufe muku ido. Thomas Jefferson ya fitar da nasa jagoran a 1801, bayan ya shugabanci zaman majalisar dattawan Amurka. Mu kuwa a Najeriya tun 1979 tsarin Amurka muke bi. In ma uban ake nema, can za a duba.

Malamin Tarihi: Shi ma Jefferson daga Hatsell ya ɗebo da yawa. Ka ga an dawo kan maganata.

Bazazzagi: Wannan sauyin na 1979 shi ya kashe mu. Zamanin Tafawa Balewa firaminista a cikin zauren yake zaune, ana tambayarsa yana amsawa.

Lauyan Gobe: Kuma tsarin naku shekara nawa ya yi kafin ya rushe a 1966? Ku daina yi mana kukan jiya.

Bazazzagi: Yaro, ka yi magana da ladabi. A naku tsarin ne aka shiga zauren majalisar dattawa a 2018 aka fice da sandar majalisa da rana tsaka.

Lauyan Gobe: Yallaɓai, ba raini ba ne, amma sandar daga wa muka gaje ta? Ba Turawan naku ba?

Ɗan Fagge: Jama'a, ku dubi inda kuka kai mu. Ba wanda ya amsa mini me ya sa ba a koyar da shi.

Mai kula da zaure: Mu tsaya nan, dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne mafi yawa sun yarda May ya cancanci a kira shi uba, tunda littafinsa ne ke raye, har ma an ba shi sarautar Baron Farnborough mako guda kafin rasuwarsa a watan Mayun 1886. Malamin Tarihi ya kawo wani suna, amma Ummu Khalil ta ba shi amsa mai gamsarwa. Maganar Amurka kuwa ba ta da wurin zama a nan, kuma dole Lauyan Gobe ya nemi afuwar Bazazzagi kafin ya sake rubutu.